Amsa ga 'yar'uwar da wardinta ke bushewa a bokiti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin sayo wardi guda uku wajen masu fulawa na bakin titi a nan Kano, kika juye su a bokitan roba, kina ba su ruwa safe da yamma, har takin zamani kin zuba. Amma ga shi ɗaya ya mutu, biyun ganyensu na yin rawaya yana zuba, furen da suka ƙulla kuma yana bushewa tun bai buɗe ba. Shekarata tara ina renon wardi a tsakar gida, kuma irin wannan ciwon ya kashe mini da yawa a shekarun farko, shi ya sa abin ya taɓa ni.

Hankalinki yana kan ganye, amma ina kyautata zaton matsalar tana can ƙasa, a saiwa. Wardin da ke cikin tukunya duk rayuwarsa ta rataya ne a kan 'yar ƙasar da kika ba shi, ba shi da inda zai miƙa saiwa ya tsere wa zafi ko ruwa.

Ki karkata bokitin ki duba gindinsa. Akwai huda? Guda nawa? Idan babu, ko kuma ɗaya ce tak ta toshe, to ruwan safe da yamman nan kwanciya yake yi, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutum shi ne, wardin da saiwarsa ta ruɓe yanƙwanewa yake yi kamar mai jin ƙishi, sai tausayi ya sa a ƙara masa ruwa, a ƙarasa shi. Ki zare ɗaya a hankali da ƙasarsa. Lafiyayyar saiwa tana da haske da ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana dagargajewa a hannu, ƙasar na warin kwata. Ki sa ƙusa a wuta ki yi huda shida ko takwas, sannan ki ɗora bokitin a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita.

Ɗora shi a kan bulo yana da wani amfanin da ya fi wannan, kuma a nan ne na fi yin asara. Daɓen simintin tsakar gida a watan Afrilu, kin san ko yaro ba ya iya taka shi da rana ba takalmi. To a kansa muke ajiye baƙin bokiti, rana ta dake shi ta gefe, siminti ya gasa shi ta ƙasa, a garin da zafi ke haura digiri 40. Wata rana da la'asar na sa hannu cikin ƙasar wani bokiti nawa, na ji ta kamar tukunyar da aka sauke ba da jimawa ba. Ranar na gane abin da ke kashe mini shuka. Tun daga lokacin na koma tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, domin yadda randa ke sanyaya ruwan sha, haka take sanyaya saiwa. Illarta ɗaya, tana saurin shanye ruwa. Idan roba ce a hannunki, ki nemi farin bokitin fenti mai lita 20 ki wanke shi tas, ko ki naɗe wanda kike da shi da buhun algarara kina jiƙawa. Ƙaramin mazubi ba ya riƙe wardi. A samu zurfin da ya kai santimita 40.

Wardi yana son rana, awa shida a ƙalla, amma a Kano ranar safe ake ba shi. Ki nemi jikin bango inda hantsi ke samunsa, inuwa ta rufe shi daga azahar. Mai fulawar da nake saye wurinsa daga Jos yake saro nasa, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Shi ma wardin Ɗa'ifa da alhazai ke tsarabar turarensa, a kan tsaunuka masu sanyi ake noma shi. Don haka mai yiwuwa shukar da kika sayo ita ma baƙuwar zafi ce, tana buƙatar mako biyu a inuwa mai haske kafin a fara fito da ita rana.

Ƙasa kuwa, ga haɗin da nake yi: kwano biyu na ƙasar lambu, kwano ɗaya na kashin shanu ko na tumaki da ya ruɓe ya zama kamar gari ba ya wari, kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, sai ɗan dakakken gawayi. Laka ba ta yi, tana daskarewa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, takin da bai gama ruɓewa ba kuma gara yake jawowa. Kada ki bi masu cewa a zuba toka. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka kuwa kishiyar haka take yi.

Ki daina ba da ruwa da agogo. Ki tsoma yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki bari, in ya bushe ki zuba a gindi har sai kin ga yana fita ta ƙasa. Da bazara zai iya zama kullum, wani lokacin har sau biyu. Da hunturu ma iska na busar da tukunya fiye da yadda ake zato. Da damina kuwa sai ki yi mako ba ki ɗauki buta ba. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada ya kusance shi. Idan ruwan burtsatse kike amfani da shi kuma kika ga farin abu kamar kanwa a bakin tukunyar, gishiri ne ya taru, sai ki kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya wanke shi. Ni ina tarar ruwan sama a duro saboda su.

Takin zamanin nan ki dakatar da shi. Marar lafiyar saiwa ba ta iya ɗaukarsa, ƙonewa take ƙarawa. Sai kin ga sabon toho ja-ja ya fito, sannan ki ba da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na NPK 15-15-15 a bokiti, sau ɗaya a wata, a zagaye gefen bokitin nesa da karan, bayan kin jiƙa ƙasar. Daga Maris zuwa saukar ruwan farko ba na ba su komai, furen da suka ƙulla a lokacin ma tsinke shi nake yi. Ya kan yi mini ciwo, amma furen bazara ƙanana ne kuma ƙonewa suke yi, gara shukar ta adana ƙarfinta. Lokacin wardi a wajenmu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, a nan za ki ga manyan fure masu ƙamshi da ke yin kwanaki.

Ki kuma juya ganyen ki dubi bayansa. In ya yi ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa ƙura, da ɗan zare-zare irin na yanar gizo-gizo, ki karkaɗa shi a kan farar takarda, za ki ga wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari na motsi. Suna son zafi da bushewa, kuma su ma suna sa ganye ya zube. Fesa ruwa da ƙarfi a bayan ganye da sassafe, kwana uku-uku, yana rage su sosai. Darɓa kuwa, ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a kan sabon toho, 'ya'yan darbejiya nake dakawa cikin tafi ɗaya, in jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu kaɗan in fesa da yamma. A watan Agusta kuma za ki haɗu da baƙin tabo a ganye, mai zagaye da rawaya. Fantsamar ruwa ce ke yaɗa shi, sai ki tsinke ganyen da ya kamu, ki share wanda ya zuba ki ƙone, ki ba da tazara tsakanin tukwanen. In kuna da akuya a gida, ƙayar ba ta hana ta, ki ɗaga su ko ki kewaye.

Aski nake yi musu a Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa: in cire matattun rassa da masu gogar juna, in rage tsawon sauran da kashi ɗaya cikin uku, da almakashi mai kaifi, ɗan sama da idon toho da ke kallon waje. Furen da ya gama, ki yanke shi har zuwa ganyen farko mai ƙananan ganye biyar a jikinsa. Sannan ki duba gindin karan. Idan ɗan aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, za ki ga ƙullutu a wurin haɗin. Duk reshen da ya fito daga ƙasan ƙullutun na uwar gindin ne, ki cire shi tun daga tushe, in ba haka ba zai rinjayi mai furen.

Wanda kika ce ya mutu, kada ki yar tukuna. Ki kankare bawon karan da farce kusa da gindi. In kin ga kore, da sauran rai. Ki yanke busasshen har inda koren ya fara, ki datse ruɓaɓɓiyar saiwa, ki canja masa ƙasa, ki ajiye a inuwa ki jira mako uku zuwa huɗu. Akwai wani ja a gidana da na ceto a haka, yanzu ya kusa kai mini ƙugu. Ki turo hoton gindin bokitin da na bayan ganyen in kin samu dama, in sha Allahu zan duba miki. Allah ya raya miki su.