Amsa ga ɗalibin da zai zo Niigata: dusar ƙanƙara, aiki da zamiya

Assalamu alaikum ƙanenmu. Mun ga tambayarka. An ba ka gurbin karatu a wata jami'a da ke yankin Niigata a Japan, za ka iso a watan Satumba, kuma ka kalli bidiyon Turawa suna aiki a wuraren zamiyar dusar ƙanƙara na Niseko da Hakuba. Kana so ka san ko kai ma za ka samu irin wannan aiki, ka koyi wasan, ka kuma tara ɗan abin aikawa gida. Allah ya sanya albarka a karatun.

Mu fara da takarda, don a nan mutane suka fi faɗawa rami. Yawancin Turawan da ka gani sun shigo ne da bizar hutu da aiki, wadda Japan ke ba matasan ƙasashe irin su Ostireliya, Kanada, Ingila da Faransa. Najeriya da Nijar da Ghana ba sa cikin wannan yarjejeniya. Duk dillalin da ya ce zai samo maka irin wannan biza da fasfon gida, kuɗinka yake so. Kai da bizar ɗalibi za ka shigo, kuma ba ta ba ka damar aiki kai tsaye. Sai ka nemi izinin da ake kira shikakugai katsudo kyoka. Cike takardar tun a filin jirgi, Narita ko Haneda, lokacin da ake ba ka katin zama, za a buga hatimin a bayan katin. Izinin awa 28 ne a mako, a haɗe duk ayyukanka, sai a dogon hutun makaranta ya koma awa 8 a rana. Wanda ya zarce, ko ya riƙa tsallake aji don aiki, lokacin sabunta biza zai gane kurensa. Aikin wurin zamiya kuwa akwai shi: duba tikiti a bakin lif, wato kujerun da ke hawa da mutane kan dutse, wanke kwanuka, gyaran ɗakunan otal, miƙa wa baƙi takalman haya. Ladan awa yana ɗan haura yen 1,000, kuɗin Japan ke nan, sau da yawa da wurin kwana da tikitin hawa kyauta. Zai rage maka nauyin abinci da haya, amma kada ka yi wa mutanen gida alkawarin gina ɗaki da shi.

Niigata ƙasar dusa ce ta gaske. Iskar hunturu tana tasowa daga Saibiriya, ta kwashi danshi a kan Tekun Japan, ta daki duwatsu ta zazzage. A garuruwa irin su Yuzawa da Minamiuonuma dusar kan tashi ta wuce tsayin mutum. Lokacin wasa yana farawa a Disamba ya kai ƙarshen Maris, wasu wurare har farkon Mayu. Wurin zamiya na Gala Yuzawa ma tashar jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, a cikin ginin wurin take, kusan awa ɗaya da kwata daga Tokyo.

Sanyin hunturun Kano ko Damagaram bai shirya ka wa wannan ba, kuma kuskuren farko shi ne jibga kayan auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka zauna a kujerar lif iska ta buge ka, sai rigar ta koma kamar tsumman da aka tsoma a randa. Hawa uku ake sawa: ta jiki mai busar da gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje wadda ruwa ba ya ratsawa. Safa hawa ɗaya tak, doguwa. Safa biyu tana matse jini, yatsu su sandare, ga kanta. Shagunan Workman suna da riga da wando masu araha, 2nd Street kuma na gwanjo. Safar hannu da tabaran da ke rufe ido sai ka saya, don wurare da yawa ba sa ba da su haya. Kada ka raina tabaran: hasken rana da ke dawowa daga farar dusa yana ƙona ido, sai da daddare za ka ji kamar an zuba maka yashi. Idan akwai mai zuwa daga gida, ya taho maka da man kaɗanya, saboda fata da leɓe suna tsagewa fiye da yadda suke yi a lokacin buji.

Wasan iri biyu ne. Sukii alluna biyu ne siririya, ɗaya a kowace ƙafa, da sanduna biyu a hannu. Sunobo allo ɗaya ne mai faɗi, ƙafafu biyu a ɗaure a kansa, kana tafiya a karkace. Shawararmu ka fara da sukii. Tsayuwa a kansa ta fi sauƙi a ranar farko, kuma fuskarka tana kallon inda za ka.

A wurin haya za a tambaye ka tsawo, nauyi da girman ƙafa a santimita. Faɗi gaskiya. Da nauyinka ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi. In an ɗaure shi fiye da ƙima ba zai saki ba idan ka faɗi, gwiwa ce za ta murɗe, jijiyarta ta tsinke. In ƙafarka ta kai santimita 29 ko 30, buga waya tun kafin ranar, domin manyan takalma ba su da yawa. Tikitin yini a yawancin wurare yen 5,000 zuwa 8,000 ne, Niseko ya haura 10,000, hayar kaya kuma ta kusa kuɗin tikiti. Ƙara kuɗin darasin awa biyu a kai. Aboki mai kirki zai hau da kai can sama don ya nuna maka kyan wurin, kai kuma ba ka iya birki ba. Malami zai fara da kai a fili mai ɗan gangare, ya koya maka abin da Japanawa ke kira ha no ji: bakin allunan a kusa da juna, bayansu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙwaurinka yana danna gaban takalmi. Tsoro yana sa mutum ya koma baya da jiki, kuma da ka koma baya allunan sai su gudu su bar ka. Hanyoyi suna da launi: kore na masu koyo, ja na tsaka-tsaki, baƙi na gwanaye. Zauna a kore har sai ka iya juyawa dama da hagu ka tsaya inda ka ga dama. Wanda ke ƙasa da kai shi ke da hanya, kai za ka kauce masa.

Idan sunobo ka zaɓa, karayar wuyan hannu ce cutar masu koyo, saboda mutum yana tokare ƙasa da tafi. Dunƙule hannu ka faɗi a kan damtse, ka sa kariyar wuyan hannu da hular kwano. Kuma kada ka ketare igiyar da ke iyakar fili ko da ka ga sawun wasu. Can dusa ke zaftarewa, kuma kuɗin ceto yana iya faɗowa a kanka. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda za ka shiga a ofishin gari lokacin da ka je rajistar adireshi cikin kwana 14, tana barin ka da kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti. Ba ta biyan wanda ka buge. Don haka sayi inshorar yini ɗaya, ɗaruruwan yen kaɗan ce.

Sallah tana bukatar lissafi, don ranar gajera ce. A Disamba azahar na shiga kafin sha biyu, la'asar wajen biyu, magariba wajen huɗu da rabi. Yi alwala kafin ka sa takalmin, cire shi da mayarwa aiki ne. Ka roƙi ma'aikata wani lungu a ɗakin hutawa cikin ladabi, yawanci ba sa hanawa. Azumin 2027 zai kama a farkon Fabrairu, tsakiyar lokacin wasa, kuma sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai ka sha ruwa sosai da sahur. Abincin kantin wurin kuwa, kare raisu (shinkafa da miyar kori) da taliyar ramen da miyar tonjiru, yawanci da naman alade ko romonsa. Haddace wannan harafi, 豚, shi ne alade. Ɗauki guzurinka: onigiri, wato curin shinkafa, mai kifi, dafaffen ƙwai, shayi a fulas. Bayan wasa abokai za su ja ka onsen, wankan ruwan zafi da ake shiga tsirara, maza daban mata daban. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Tambayi kashikiri, wato ɗakin wanka na kai kaɗai da ake kamawa na ɗan lokaci, ko ka ce za ka jira su a wurin shan shayi.

A gida kuma, in na'urar ɗumama ɗakinka ta kananzir ce, buɗe taga na mintoci kaɗan kowace awa, kada ka kwana da ita a kunne. Idan za ka yi tafiya a tsakiyar sanyi, rufe babban famfo ka tsiyaye ruwan bututu. Ana kiran wannan mizunuki. Ruwan da ya daskare yana fasa bututu, ya jiƙe ɗakin maƙwabcin ƙasa, kuma kai za ka biya. Kada ka bi ta ƙarƙashin bakin rufi, dusar da ta taru tana zamowa da nauyin buhuna.

Da asuba za ka ji ƙarar shebur a layi. Maƙwabta ne, da yawansu tsofaffi, suna kwashe dusar da ta sauka cikin dare. Sayi naka shebur tun Nuwamba, fito ka ce ohayo gozaimasu, wato ina kwana, ka kwashe ƙofarka ka ɗan zarce zuwa ta tsohuwar da ke gefe. Ka lura da inda suke zubarwa, don ba a watsa dusa a titi ko a gaban gidan wani. Japanawa ba su da saurin gayyatar baƙo gida, amma mutumin da suka gani da shebur sau biyar su kan fara tsayawa su tambaye shi daga ina yake, kuma cikin irin waɗannan maƙwabta ake samun mai tsofaffin allunan ɗansa a rumbu da zai ce ka zo ka gwada ko takalmin zai shige ka.