Ku Tambaya Mu Amsa: Kafin Ka Je Cibiyar Maikiroskof

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu kan ƙwayoyin halitta, malamina ya ce in nemi lokaci a cibiyar da ke da maikiroskof na konfokal. Me ya hana kowane sashe mallakar nasa, kuma wane shiri zan yi? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Konfokal maikiroskof ne mai amfani da hasken leza wajen ɗaukar hoton samfurin da aka sa wa rini mai haske. Kuɗin na'urar kan kai dubban ɗaruruwan daloli, sannan riƙonta wani aikin ne. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, ɗaki mai sanyi da ƙurar hunturu ba ta shiga, tebur mai shanye girgiza, da ƙwararren da ke kula da ita kullum. Shi ya sa ake ajiye ta wuri guda, kowa ya riƙa karɓar layi. Haka ake yi a cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da cibiyar Africa Microscopy Initiative a Jami'ar Cape Town.

Mafi yawan hotunan da ke lalacewa, tun daga ɗakin gwajinku matsalar take tasowa. Ka fara tambayar ma'aikatan cibiyar irin lezar da suke da ita kafin ka sayi rini. Galibi huɗu ne, bisa tsawon zangon haskensu: nanomita 405 don rinin DAPI mai haska cibiyar ƙwaya, 488 don GFP (furotin mai koren haske), sai 561 da 640. In rininka bai dace da su ba, kuɗinka ya tafi a banza.

Gilashin rufe samfur ya zama mai lamba 1.5, wato kaurin milimita 0.17, don da shi aka auna yawancin tabarau masu ƙarfi. In kaurin ya bambanta, hoton zai fito dishi-dishi. Ka tsayar da siffar ƙwayoyin da sinadarin paraformaldehyde kashi 4 cikin 100 na minti 10 zuwa 15, ka wanke da PBS (ruwan gishirin wanke samfur) sau uku, ka ajiye cikin duhu a firji. Ka zo da samfurin da ba a rina ba, da wanda aka sa wa rini ɗaya kawai, domin a gane ko hasken wani rini yana kutsawa layin wani. Ɗalibai kan raina wannan, alhali masu tantance bincike sukan tambaya. Ka fara da leza ƙasa-ƙasa, don ƙarfinta na koɗar da rini. Ka adana hoton a asalin tsarin na'urar, kada ka mayar da shi JPEG.

Tambaya: Na'urar konfokal za ta nuna mini ƙwayar bairos? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Za ki ga ɗigon haske in an rina ta, amma siffarta ba za ta fito ba. Iyakar ganin maikiroskof mai amfani da haske, wadda masani Ernst Abbe ya bayyana a 1873, ta tsaya wajen nanomita 200, yawancin bairos kuwa ba su kai haka ba. Sai ki nemi cibiyar da ke da STED ko PALM, dabarun ƙetare wannan iyaka da suka ci kyautar Nobel a 2014.