Amsa kan tantance ƙasa kafin a fara noman rani

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙungiyarku ta samu fili a gefen kogi, kuna shirin noman rani, sai aka ce muku dole a fara auna ƙasar a raba ta aji-aji, kana tambaya ko wajibi ne da kuma yadda ake yi. Na daɗe ina aikin malamin gona a wajajen Kura da Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonaki, don haka bari in ɗan taɓa abin da na gani.

Tsarin da aka fi bi shi ne na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1976, wanda ya raba ƙasa aji biyar. S1 ita ce ƙasar da ta dace sarai, S2 mai ɗan cikas, S3 wadda da kyar take mayar da uwar kuɗi. N1 ba ta dace ba a yanzu amma tana gyaruwa, N2 kuwa a haƙura da ita. Sai dai ajin yana tafiya ne da abin da za ku shuka da yadda za ku yi ban ruwa. Baƙar laka mai riƙe ruwa ta shinkafa ce, amma ka sa mata albasa ta ruɓe. Jigawa mai rairayi in ka sakar mata ruwa ta kwarin kunyoyi, kafin ya kai ƙarshen kunya ya tsiyaye, kuɗin man injin ban ruwa ya tafi a banza. Da ban ruwa na ɗigo-ɗigo kuwa sai ta yi kankana mai kyau.

Kada ku yarda da duk wanda ya tsaya a bakin gona ya yanke hukunci da ido. A haƙa ramuka, zurfin mita 1.5, a tudu da tsakiya da kwari. Ka shiga ramin da kanka. In an ci karo da marmara kafin rabin mita, saiwa ba ta da wurin zuwa. In ka ga ƙasar ciki ruwan toka ce da ɗigo-ɗigon tsatsa, to ruwa na kwanciya a nan, ko da ranar a bushe ka same ta.

Nan ne maganar da ta fi damuna. Kowa hankalinsa na kan yadda ruwa zai shigo, ba mai tambayar ta ina zai fita. Na san wata ƙungiya da ta kashe kuɗinta kaf a injina da bututu, magudanar fitar ruwa aka ce sai baɗi. Baɗin bai zo ba. Ruwan ƙasa ya yi ta hauhawa, rana na busar da shi, yana barin gishiri a sama. Da hantsi sai ka ga fari-fari a kan kunyoyi kamar an barbaɗa gari, tumatir ya tsumbure, bakin ganye ya ƙone, can kwari kuma kacala ta cinye. A ɗakin gwaji, in awon gishirin ya wuce 4 dS/m (ma'aunin gishirin ƙasa ke nan), ƙasar ta shiga sahun masu gishiri. In kuma kanwa ce ta yi yawa, sinadarin sodiyam ya haura kashi 15 cikin 100, ƙasar takan daskare ta zama fako, ruwa ya ƙi shiga. Ana gyara ta da jifsum (wani farin ma'adini da ake zuba wa ƙasa) da wankewa, amma sai da magudana, kuma da tsada.

Gangare ma a duba. Ban ruwa ta kwarin kunyoyi ya fi son gangaren da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma baje tudu da katafila yakan kwashe ƙasar sama mai taki.

Samfurin kowane rami a leda dabam, na sama dabam na ƙasa dabam, a rubuta wurin a jiki. Ku ɗebi ruwan kogin ma a gora, musamman na watan Maris ko Afrilu da yake ja baya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana irin wannan gwaji. In sakamako ya fito, ku fara da ɓangaren S1 da S2, sauran ya jira sai kun ga yadda ruwa ke fita a shekarar farko. Allah ya ba da sa'a.