Me ya sa kan reza ya fi mariƙinsa cin kuɗi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake samun mariƙin rezar Gillette da araha, amma kawunan da ake sauyawa suke da tsada. Amsar tana cikin tsarin kasuwancin ne: mariƙi sau ɗaya ake saye, kan reza kuwa yana dakushewa, kuma tunda an ƙera shi yadda na wani kamfani ba zai hau mariƙin ba, dole mai saye ya riƙa komawa wuri ɗaya.

Ana yawan jingina wannan dabara ga King Camp Gillette, wanda ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1901, kodayake da farko dala 5 yake sayar da rezarsa, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Sai da kariyar haƙƙin ƙirarsa ta ƙare a 1921 sannan ya fito da mai araha. Daga baya aka shiga gasar ƙara yawan ruwan reza, uku a samfurin Mach3 a 1998, biyar a samfurin Fusion bayan Procter & Gamble ya sayi kamfanin a 2005, farashi kuma yana hawa.

Wannan tsadar ce ta buɗe wa wani kamfanin sayar da reza mai suna Dollar Shave Club kasuwa ta intanet, har Unilever ya saye shi kan dala biliyan ɗaya a 2016, Gillette kuma ya rage farashi a 2017. A ganina, in ka iya sarrafa hannunka, reza mai baki biyu ta isa aske gemu.