Inna, akwai allurar da za ta kare ƴaƴana daga gubar gyaɗa?

Inna, salamu alaikum. Ni mai ƙuli-ƙuli ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Bara maigidana ya rasu da ciwon hanta. Likita ya ce yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, sannan ya tambaye ni ko muna cin gyaɗa mai hunhuna. Inna, shekara da shekaru baƙar gyaɗar da nake tsincewa daga buhu ita nake daka mana ta miya, don kada ta tafi a banza. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ɗan yayata da ke jami'a ya ce masana na haɗa allurar rigakafin wannan guba. Ina zan same ta? Ko akuyata ce zan sayar, in yi wa ƴaƴana huɗu.
Maman Marayu

Ƴata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Ki sauke wannan nauyi daga ƙirjinki: tattali kika yi, ba ki san da guba a ciki ba.

Kada ki sayar da akuyarki. Allurar nan ba ta kai ga mutane ba tukuna, duk wanda ya ce zai sayar miki da ita macuci ne. Sunan gubar afalatoksin, hunhunar da ke kama gyaɗa da masara ce ke fitar da ita. An gano ta bayan ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Matsalarta ita ce ƙanƙantarta: sojojin jini ba sa lura da ita, balle su ƙera mata makami. Dabarar masana ita ce su rage mata dafi, su ɗaure ta jikin babban furotin, kamar a goya wa raƙumi allurar ɗinki, sai jiki ya gan ta ya ƙera garkuwar da za ta cafke ta in ta dawo. A Italiya an gwada wa shanun tatsa, gubar da ke zuba cikin madararsu ta ragu. Nan aka tsaya, kan dabbobi.

Amma akwai allurar da ke hannu, ta rigakafin cutar hanta B, ita nake so ki bi. Gubar nan in ta tarar da cutar hanta B, haɗarin kansar hanta na ninkuwa sosai. Ki kwashi yaran huɗu, da ke kanki, a auna jininku. Wanda bai kamu ba kuma ba a yi masa rigakafi ba, a yi masa. Ki tafi da katinsu na awo, don rigakafin hanta B na cikin allurar penta ta jarirai.

Baƙar gyaɗa kuwa, da mai ɗaci, da wadda ta yamutse, ki binne. Suya ba ta kashe gubar gaba ɗaya, tafasa ma haka. Ko akuyar kada ki ba, cikin nononta za ta dawo muku. Buhunanki ki ɗora su kan katako, nesa da bango da danshi.

Ki rubuto mini in sakamakon awon ya fito.
Inna