Tambaya da Amsa: Aika Kayan Ciniki Zuwa Ƙasashen Waje ta Gidan Waya

Tambaya: Ina sayar da huluna ɗinkin hannu da humra da kilishi ta Instagram. Yanzu masu saye daga Ingila da Jamus suna neman kayana, amma kuɗin da kamfanonin aika kaya ke caja yana cinye ribata. Shin gidan waya zai biya mini buƙata? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, zai biya miki, amma a kan huluna kaɗai. NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, tana cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874 kuma take da ƙasashe 192, saboda haka ƙunshin da kika miƙa a Kano gidan wayar ƙasar mai saye ne zai ƙarasa da shi. Ki zaɓi tsarin EMS, wato aika kaya cikin gaggawa ta gidan waya, domin za a ba ki lambar bibiya mai haruffa da alƙaluma 13 da ke ƙarewa da NG, kuma ki tura wa mai saye hoton rasitin tun kafin ki bar wurin.

Humra da kilishi kuwa, ina roƙonki ki haƙura da su. Turaren ruwa mai sinadarin da ke kama wuta ba a yarda a ɗora shi a jirgin sama ta gidan waya ba, sannan Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama irin wannan daga Najeriya, don haka jami'an kwastan ƙwace shi za su yi.

Inda na fi so ki natsu shi ne takardar kwastan, wato CN22 ko CN23. Kada ki rubuta "kaya" kawai. Ki rubuta "hula ta zaren auduga, guda uku" da ainihin farashinta. Wasu za su ba ki shawarar ki ce kyauta ce don a kauce wa haraji, alhali wannan ƙarya tana iya sa a riƙe ƙunshin, kuma idan ya ɓata, diyyar da za ki nema ba za ta wuce abin da kika rubuta ba. Tun ranar 1 ga Yuli, 2021, Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT da take yi wa kayan da ba su wuce Yuro 22 ba, saboda haka ki sanar da mai saye na Jamus, kafin ya biya ki, cewa akwai harajin da ke jiransa.

Wajen ɗauri, ki cusa takarda cikin kowace hula don kada ta lotse, ki sa ta a leda saboda danshi, sannan a cikin kwali mai ƙwari wanda kika rubuta lambar wayar mai karɓa a jikinsa.