Tambayoyin Masu Karatu: Ƙananan halittu masu tsalle a ƙarƙashin ganye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman kabeji da latas a wajen Bukuru, kuma duk lokacin da na ɗaga ruɓaɓɓen ganye da damina sai in ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu masu dunƙulallen jiki suna tsalle. Ƙuma ce? Ko in yi feshi? Daga wani mai lambu, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa kwatancen da ka yi, ba ƙuma ba ce, domin ƙuma jini take sha, waɗannan kuwa ba sa cizon mutum ko dabba. Masana suna kiran danginsu Collembola, kuma an gano fiye da iri 8,000 a duniya. Duk da cewa ƙafafunsu 6 ne, ba a lissafa su cikin ainihin ƙwari, saboda sassan bakinsu a ɓoye suke cikin kai, kuma ba su da fukafukai. An kasa su gida 4: biyu masu dogon jiki, biyu masu dunƙulallen jiki, wato Symphypleona, waɗanda mafi yawansu ba su wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kamar ƙwayar acca, da Neelipleona, waɗanda suka fi su ƙanƙanta kuma suka fi zama cikin ƙasa.

Tsallen nan da ya ba ka mamaki ba da ƙafa suke yin sa ba. Akwai wata gaɓa mai baki biyu da ke lanƙwashe a ƙarƙashin cikinsu, wani ɗan maƙali yana riƙe da ita, da zarar sun ji motsi sai ya sake ta, ta daki ƙasa ta cilla su sama. Jikinsu yana saurin bushewa, shi ya sa suke taruwa inda laima take, a ƙarƙashin ganye da juji da ɓawon itace, suna cin fumfuna da ruɓaɓɓen tsiro. Idan iskar hunturu ta busar da ƙasar Jos kuwa, da wuya ka gan su sai a bakin fadama ko inda ake ban ruwa.

Game da feshi, shawarata ita ce ka bar kuɗinka a aljihu, tunda suna taimakawa wajen mayar da ganye taki. Gaskiya ne akwai wani iri mai suna Sminthurus viridis da ke ɓarnar ciyawar kiwo a Ostireliya, saboda haka ka riƙa duba dashenka yana ƙarami. Idan ka ga 'yan huji a sabon ganye, ka fara da rage ban ruwa da janye ruɓaɓɓen ganye daga gindin shuka.